Dizal Ɗin Da Suka Zaɓa Mini

Kafin ku ce na cika zafin kai, ku bari in ba ku labarin tun daga tushe. Ni kaina da wata ce ta ba ni shi, cewa zan yi ta ƙara gishiri.

Ni ce ƙarama a gidanmu, Auta ɗin ma ta bi ni har ta cinye sunana na gaskiya. Sana'ata shuke-shuke. Tun da Baba ya rasu nake riƙe da lambunsa, ina rainon furanni da dashen itatuwa, in kai wa otal-otal, ofisoshi da gidajen masu son ganin kore a ƙofarsu. A rana ina tsayawa wuri goma, wani lokaci sha biyu, duk a cikin gari, tsakanin wani wurin da wani bai fi tafiyar minti biyar ba. Da motar haya nake yi. Ranar da wani direba ya taka birki ya fasa mini tukwane bakwai a kan idona, ya kuma juyo yana tambayata ko ƙasar ba za ta ɓata masa bodi ba, ranar na rantse sai na mallaki ƙaramar a-kori-kura tawa. Shekara uku ina tarawa. Ba sabon takalmi, ba sabuwar waya, har ƙawayena suka sa mini suna Hajiya Maƙo.

Shi kuwa wanda zan aura, kowa Manaja yake ce masa, don shi ke kula da motocin wani kamfanin jigilar kaya. A lambu muka haɗu. Ya sayi fure na ofishinsa, bayan sati ya dawo wai ya mutu. Na ba shi wani, bayan sati ya sake dawowa. A na huɗu ne na ce masa, "Malam, ko dai da shayi kake ba su ruwa?" Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce furannin suna nan lafiya lau a jere a taga, mai furen yake zuwa gani. Tun ranar na sa masa suna a wayata: Mai Kashe Fure. Ku yi mini uzuri, ina son mutumin nan. Irin son da in wayata ta yi ƙara hannuna duk taɓo ne, da gwiwar hannu nake ɗagawa.

Da kuɗin motar suka cika, ban fara da shi ba. Na fara da Baba Mai Sifana, tsohon makanikin da ya yi shekara ashirin yana gyara wa mahaifina mota. Na same shi a garejinsa, rabin jikinsa a ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ke waje.

"Baba, mota zan saya. Fetur ko dizal?"

Ya turo kansa waje, ya goge hannu da tsumma. "Ina kike zuwa da ita?"

Na lissafa masa.

"Mafi nisa?"

"Otal ɗin bakin gada. Minti goma sha biyar in babu cunkoso."

"Kaya fa?"

"Tukwane, buhunan ƙasa huɗu ko biyar, wani lokaci ƙananan bishiyoyi."

"To me ya haɗa ki da dizal, 'yata?" Ya jawo mini benci. "Dizal jakin doguwar hanya ne. Ki ɗora masa kaya mai nauyi, ki sake shi ya yi awa uku yana gudu, a nan yake nuna miki halinsa, ya sha mai kaɗan ya yi aiki da yawa. Amma ke kunna-kashe za ki yi ta yi. Kafin injin ya ɗauki zafi kin iso. Sababbin nan akwai matatar hayaƙi a cikinsu, in ba sa samun doguwar tafiya toshewa take yi, ki ga fitilar gargaɗi ta kama a gabanki, ki zo ki same ni. Ni ba na ƙin ganinki, amma ba a haka ba. Ga tsadar saye, ga tsadar kayan gyara. Sauƙin man da ake faɗa, ke ba za ki yi tafiyar da za ki gan shi ba. Ɗauki fetur. Ba ƙara, ba jijjiga, furanninki ma sai sun gode miki."

Na fito raina fes. Har na riga na ga wadda nake so a filin wani dillali: fara, mai ƙofa biyu, bayanta daidai tukwanena.

Ranar Asabar Manaja ya zo gida. Na sa doguwar rigata ruwan zuma mai ƙananan maɓallai a hannu, na yafa farin mayafi, na yi rabin awa ina kankare ƙasa daga farcena. A falo na same su: Mama a kujerarta ta kusa da taga, Yaya, babban wanmu, a doguwar kujera yana kaɗa ƙafa, matarsa, wadda nake ce wa Anti, tana jera kofunan shayi a kan ƙaramin tebur ɗin gilashi. Shi kuma yana zaune cikin farar riga mai guga kamar a yanka tumatir da ita, turarensa ya cika ɗakin.

Cikin murna na ce, "Na yanke shawara. Fetur zan ɗauka."

Da kun ga yadda Yaya ya daina kaɗa ƙafa. A lokacin ban kawo komai ba.

Manaja ya yi murmushi, ya ajiye kofi. "Wa ya ba ki wannan shawarar?"

"Baba Mai Sifana."

"Allah sarki, tsoho. Shi har yanzu a zamanin da yake. Auta, ni fa motoci arba'in ne a ƙarƙashina. Fetur wasan yara ne. Shekara biyar ta fara tari. Dizal kuwa har jikokinmu sai sun hau."

"Amma ya ce gajerun tafiye-tafiye suna toshe..."

"Wannan ki bar mini. Duk ƙarshen sati sai in ɗauke ta in zaga da ita babbar hanya, ta wartsake. Ba shi ke nan ba?"

Yaya ya karɓe. "Kuma in kin tashi sayarwa, dizal ba ya faɗuwa. Ke ba ki san harkar nan ba."

"Yaya, ba sayarwa zan yi ba, aiki zan yi da ita."

Sai Mama ta gyara gilashinta, ta yi maganar da ta kashe mini baki. "Ke dai ba kya jin magana. Mutumin da za ki zauna a ƙarƙashinsa, mota sana'arsa ce, ya faɗa miki abu a gaban mutane kina ja da shi? Tun yanzu? Haka za ki je ki yi masa a gidansa?"

Kunya ta rufe ni. Na sunkuyar da kai ina wasa da maɓallin hannuna. Anti ta miƙo mini kofi, ta ɗan matsa yatsana a ɓoye, irin na "yi haƙuri".

Da yamma ina ban ruwa saƙonsa ya shigo.

"Ranki ya ɓaci?"

Na rubuta, "A'a."

"Ƙarya. In kin ce a'a babu ɗigo uku a baya, fushi kike."

Na yi dariya ni kaɗai a tsakiyar furanni kamar sabuwar kamu.

"Ni dai ba na son ki wahala ne," ya ƙara. "Guminki ne na shekara uku. Ki yarda da ni sau ɗaya. Na taɓa kai ki inda za ki yi kuka?"

Masu karatu, wannan layin na karanta ya fi sau goma. Na ce a raina, ke Auta, me kika sani a inji? Tsoho ya faɗi nasa, masoyi ya faɗi nasa. Wa zai fi son alherinki? Na rubuta masa, "Na yarda. Dizal ɗin." Ya turo mini zuciya guda shida da hoton wata shuɗiya mai ƙofa huɗu, ya ce ya riga ya yi magana da dillalin, ranar Laraba zai zo ya ɗauke ni mu je in sa hannu kawai.

Kwana uku Mama na lallaɓa ni kamar ƙwai. Yaya, wanda rabonsa da taka lambuna tun rasuwar Baba, har leƙowa ya yi yana tambayar sunayen furanni. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi. Na ce ashe aure ne ke sa a fara ganin mutum da daraja.

Ranar Talata na kai kaya wani ofishi da ke layin dillalin. Na ce bari in leƙa in ga motata, in auna bayanta da idona, don in san yadda zan jera tukwane. Ko kayan kirki ban sa ba: tsohon wandon aiki, riga mai dogon hannu da ta sha rana, takalmin roba, hula a kan ɗankwali.

Dillalin mutum ne mai fara'a da yawan magana. Yana ganina ya taso. "A'a, amarya da kanta! Gobe muke sa ranki ai. Zo ki gani, yara sun kusa gamawa."

"Gama me?"

Ya ja ni bayan rumfa. Ga shuɗiyar mota an ɗaga ta, mutum biyu a ƙarƙashi suna ɗaure-ɗaure.

"An ƙara mata sifirin a baya saboda nauyi. Ga ƙarfen jan tirela an sa. Ƙarin tankin ne bai iso ba sai anjima. Da shi sai ta yi tafiyar yini guda ba ta nemi gidan mai ba."

Na tsaya ina kallonsa. "Tafiyar yini guda zuwa ina? Ni furanni nake kaiwa cikin gari."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. "Furanni a wannan? Ai wannan ta buhunan siminti ce da injinan ban ruwa. Manaja ya ce sau uku a sati za ta riƙa fita." Ya buɗe fayil ɗin da ke hammatarsa. "Ga takardun ma na shirya, da sunan kamfanin nasu."

Na karɓa. Sunan wani kamfani ne da ban taɓa ji ba. A ƙasa, wurin masu shi, sunaye biyu: na Manaja da na Yaya. Nawa sunan yana can ƙarshen shafi, a layin wanda ya biya.

Ban san fuskata ta canza ba sai da na ga dillalin ya daina murmushi.

"Hajiya... ba ki sani ba?"

"Wa ya ce ka rubuta haka?"

"Shi. Wallahi shi. Ni ba na ƙirƙirar abu, tsaya ki ji." Ya shiga lalube a wayarsa don ya wanke kansa. Ya danna saƙon murya.

Muryar da nake ɗagawa da gwiwar hannu ce ta fito, cikin nishaɗi, ana jin ƙarar motoci a bayansa:

"Ka shirya komai kafin Laraba. Kar ka tsaya yi mata dogon bayani, ka san mata da tambaya, ka nuna mata inda za ta sa hannu kawai. Lambun nan ma bayan biki rufe shi za ta yi, mun gama magana da su a gida. To me za ta yi da mota? Gara ta yi mana aiki."

Mun gama magana da su a gida.

Ba ƙarin tankin ne ya dake ni ba, ba sunan kamfanin ba. Wannan "su" ɗin ne. Na zauna a kan wata tsohuwar taya. Dillalin ya aika aka kawo mini ruwa, yana ta "subhanallahi, ni na ɗauka da saninki". Na riƙe robar ruwan ban sha ba. Abin mamaki, hawaye ko ɗigo. Tunanin da ya zo mini ma na banza ne: ashe shi ya sa Yaya ke tambayar sunayen furanni.

Can na ɗago. "Farar nan mai ƙofa biyu tana nan?"

"Ta fetur? Tana nan."

"Kawo takardunta. Sunana za ka rubuta, ni kaɗai. Harafi-harafi zan faɗa maka."

"To wannan da aka riga aka yi wa aiki fa?"

"Wanda ya sa ka aikin, shi za ka kira."

Na kira Baba Mai Sifana, ya zo a kan babur ɗinsa. Bai tambaye ni me ya faru da idona ba. Ya buɗe gaban motar, ya saurari injin kamar likita, ya leƙa ƙasa, ya zaga da ita layin sau biyu, ya dawo ya miƙo mini makulli. "Lafiyarta ƙalau. Allah ya sa ki kashe ta da kanki." Sai da ya faɗi haka hawayen suka zo, na juya baya na goge da hannun riga.

Na tuƙo ta a hankali. Ba ƙara, ba jijjiga, kamar yadda ya ce. Wannan tafiyar na yi shekara uku ina mafarkinta, na ɗauka zan yi ta da waƙa a bakina. Ga ni a cikin motata, sabon ƙamshi, leda a kan kujera, amma ko baiti ɗaya bai fito ba. Wayata na ta haske a gefe: Mai Kashe Fure, Mai Kashe Fure, Yaya, Mai Kashe Fure. Dillali ya riga ya kira shi ke nan. Da jar fitilar hanya ta tsayar da ni na duba saƙo ɗaya: "Kar ki yi abin da za ki yi nadama. Ina gidanku. Zan yi miki bayani."

Motarsa na ƙofar gida kuwa. Na faka tawa a bayanta, na shiga yadda nake, da takalmin roba da komai. Yau ban kankare farce ba.

Suna falo su uku. Mama ta kasa kallona. Yaya a tsaye. Manaja ya taso da hannu a buɗe.

"Auta, zauna mu yi magana kamar manya."

"A tsaye ma ina ji."

"Abin nan don mu ne. Ni da ke. So na yi in ba ki mamaki, in kamfanin ya tsaya da ƙafarsa..."

"A wane layi sunana yake?"

Ya juya ya kalli Yaya.

"Na ce a wane layi sunana yake a takardar? Na masu shi, ko na wanda ya biya?"

"Ai abin miji na mata ne."

"To me ya sa abin matar ne aka fara ɗauka?" Na matso gabansa. "Da ka zo ka ce, Auta, ina da buri, ki taimake ni, wallahi da na yi tunani. Wataƙila ma da na ba ka. Amma ka zaunar da ni a ɗakin nan kana koya mini inji, ka mai da tsohon da ya gaya mini gaskiya wawa, ka sa na ji kunyar tambayar da nake da haƙƙin yi. Ka ce in yarda da kai sau ɗaya. Na yarda. Sau ɗayan ke nan, ya ƙare."

Na juya wurin Mama. Nan ne abin ya fi ciwo, don shi baƙo ne, watanni takwas na san shi.

"Mama, da ke aka gama maganar rufe lambun?"

Ta cire gilashinta tana goge shi da bakin mayafi. "Ni gani na yi kina wahala. Kullum cikin rana, kullum cikin taɓo, hannunki kamar na lebura. Na ce in kin yi aure ki huta. Kuma ɗan'uwanki ya samu abin kansa. Ina laifi a nan?"

"Laifin shi ne ba a tambaye ni ba."

"Da an tambaye ki za ki yarda?"

"A'a."

"To kin gani."

Haka ta faɗa, wallahi, kamar ta kawo hujjar da ta gama komai.

Na zare zoben da ya ba ni. Ya ɗan maƙale saboda zafi, sai da na murɗa. Na ajiye shi a kan tebur ɗin gilashi, ya yi 'yar ƙara. Manaja ya kalli zoben, ya kalle ni, fara'ar nan da na sani ta ɓace kamar an kashe fitila.

"A kan mota za ki fasa aure?"

"A kan mota ka sayar da ni. Ni fasawa kawai na yi."

Na juya zan fita, Yaya ya tare ƙofa. Ban taɓa ganin idonsa haka ba. Ba fushi ba ne, tsoro ne.

"Auta, ki mayar da ita. Don Allah. Ki je ki ce kin canza shawara, dillalin zai karɓa."

"Matsa mini, Yaya."

"Ba za ki gane ba. Mun riga mun karɓi aikin mutane, ranar Litinin za a fara ɗaukar kaya." Ya rage murya. "Na ajiye aikina. Tun satin jiya na miƙa takarda. In babu motar nan, ba ni da komai."

Makullin ya yi mini nauyi a hannu. Wannan mutumin shi ya riƙa goya ni zuwa makaranta, 'ya'yansa uku a tsakar gidan nan suke wasa.

Sai muka ji ƙarar kofuna suna karo da juna.

Anti ce tsaye a ƙofar kicin da tire a hannu, shayin yana zuba a gefen kofi yana bin yatsunta, ko zafin ba ta ji. Ba ni take kallo ba. Mijinta take kallo, wanda kullum da safe take goge wa riga, ya ɗauki jaka ya ce ya tafi ofis.

A hankali ta ce, "Baban yara, wane aikin ka ajiye?"